Wasiƙar da Ƙasa Ta Ƙi Ci

Ƙarar tsintsiya ce ke tashin mu a wancan zamani. Tun rana ba ta leƙo kan katanga ba za ka ji ta, shuu, shuu, daga wannan gida zuwa wancan, wata ta ɗauka wata ta amsa, har garin duka ya zama kamar ana sheƙar hatsi. Ni ce mai shara a gidanmu. Nakan fara daga ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, in bi ta turken awaki, in ƙare a madafa inda nake kwashe tokar jiya da sauran ɗuminta. Kashin awaki, ƙaiƙayin gero, ɓawon gyaɗa, guntayen kara, fasasshiyar ƙwarya, duk in tara su a tsohon kwando in ɗora a ka, in zagaya bayan gida in juye a kan juji. Kullum haka, rani da damina. Ban taɓa ɗaukar wannan aiki a matsayin zubar da ƙazanta ba, domin ba wanda ya koya mini haka. Ranar da Kaka ta ga na watsar da toka a kan hanya saboda sauri, da sandarta ta dungure ni.

"Ke 'yar nan, abincin gona kike watsarwa? In ke aka watsar miki da tuwo, ya za ki ji? Koma ki kwashe."

Na koma na kwashe da hannu.

Jujinmu abu ne mai rai. In ka tura hannu cikinsa da safe za ka ji ɗumi kamar cikin akuya. Kaji na tona gefensa suna rabon gwazarma, gara na aikinta a ƙasa ba ta gajiya, in aka yi ruwan fari kuma sai ka ga kabewa da yakuwa sun fito a kansa ba wanda ya shuka su. Duk abin da gida ya gama da shi, juji na karɓa, ya riƙe shi wata da watanni, ya mayar da shi baƙar ƙasa mai laushi da ƙamshi. A garinmu ba a sayar da juji. Roƙonsa ake yi, kamar yadda ake roƙon iri. In bazara ta kama, manomi ya zo ya yi sallama da maigida, ya durƙusa ya ce a taimaka masa da jujin bana. In an ba shi, ya zo da jakinsa da mangala ya yi ta jigila zuwa gona. In kaka ta yi, ya kawo damin gero ya jingine a zaure, ba don an ce ya kawo ba. Akwai gidajen da mutum ɗaya ya yi shekaru yana kwasar jujinsu, in wani ya zo ya roƙa a ce masa, yi haƙuri, yana da mai shi.

Hukuma ma a lokacin mun san fuskarta. Duba-gari ne, dogo, da kakinsa da doguwar moɗarsa. Da an ce ga shi nan ya shigo unguwa, sai ka ji mata na guje-guje, mai wanke randa na yi, mai rufe masai na yi. Yakan zura moɗa har gindin randa ya ɗebo ya duba a hasken rana, in ya ga tsutsa ko ɗaya, ranar sai kin ji kunya a gaban maƙwabta. Amma in ya zagaya bayan gida ya ga juji, abin da kawai yake aunawa shi ne nisansa da rijiya. Shi ma ɗan manomi ne, ya san mene ne a gabansa. Kaka ce kaɗai ba ta tsoronsa. Takan ce masa, "In ka gama leƙa randata, ka leƙa bakina, haƙorin nan ma tsutsa gare shi."

Babana ba manomi ba ne sosai, fataucin dabbobi yake yi ta Kongolam da ke bakin iyaka, don haka jujinmu na kyauta ne. Ni kuwa na ɗan taɓa firamare, na iya karatun Hausa, kuma a shekarun ne ƙananan littattafan soyayya suka fara shigowa hannunmu. Yayana ke kawo mini su in ya je kasuwar Daura, wasu ba bango, wasu ba shafin ƙarshe, sai in ƙarasa labarin da kaina ina daka. Sun lalata ni, in ji Kaka. Gaskiyarta. A cikinsu saurayi kan zo da mota mai baƙin gilashi, yana ƙamshin turare, ya miƙo wasiƙa. Ni kuma na zauna ina jiran nawa. Da ya tashi zuwa, da jaki ya zo, yana warin taki.

Wani saurayi ne daga ƙarshen gari, marar yawan magana, wanda ya gaji gona ɗaya a bakin hanya, ana ce mata gonar gawo saboda wani babban gawo da ke tsakiyarta. Ya roƙi babana juji, aka ba shi. Kwana huɗu yana jigila, ni kuma kwana huɗu ina leƙensa ta ɓular darni. Yadda yake magana da jakinsa a hankali kamar da mutum, shi ya fara kama ni. A rana ta uku na yagi takarda daga tsohon littafin makaranta, na rubuta masa wasiƙa. Duk abin da na haddace na zuba a ciki: hasken idona, sanyin zuciyata, ban san barci ba tun da na gan ka. Na ninke ta na sa a wani tsagaggen ƙoƙo, na toshe da ganye, na binne a gefen juji daidai inda ya jingine shebur ɗinsa, ba zurfi, yadda dole ya gani. Washegari ya zo, ya yi bisimilla, ya kafa shebur, ya kwashe wurin gaba ɗaya ya loda a mangala. Ko ƙasa bai duba ba. Ya ce wa jakinsa su tafi, suka tafi.

Na ɗauka ya gani a gona, ya karanta, ya ƙi ni. Damina guda na yi ina ramewa irin ta 'yan matan littafi, ina zama ina kallon ruwa na zuba daga indararo. Kaka ta dube ni ta ce tsutsar ciki ce, ta ɗura mini jiƙo mai ɗaci har sau uku.

Da kaka ta yi sai ga shi da dami uku. Kaka na zaune a zaure tana kaɗi.

"Wannan ɗaya na juji ne, mun gane. Biyun nan fa, na mene ne?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jaki.

"In ni kake so ka faɗa, ban tsufa ba. Sai dai ba na cin tuwon dawa, kuma jakin nan ba zan hau ba."

Ya yi ta ƙoƙarin haɗiye dariya. Bayan kwana biyu kawunsa ya zo wurin babana.

Sai da muka yi wata uku da aure na iya tambayarsa. Na ce, "Malam, me ya sa ba ka ba ni amsar takardata ba?" Ya ce wace takarda. Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce shi da ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, ko ya gani me zai yi da ita, sai dai ya ƙunshe taba. Can sai ya ce a wane gefe na sa. Na faɗa masa.

"Mangalar ƙarshe ke nan. A gindin gawo na juye ta. Wallahi a nan ne geron ya fi ni tsayi, ban taɓa ganin zangarniya irin ta wurin ba. Daga nan na ɗaure dami ukun da na kawo gidanku." Ya dube ni. "Ashe ƙasa ce ta karanta mini. Ta cinye, ta gane, ta ba ki amsa."

Duk littattafan da na karanta, babu inda aka faɗa wa mace magana irin wannan. Tun daga ranar, in ya ga raina a ɓace, sai ya ce, "'Yar boko, rubuta ki ba gona." A gindin gawon nan na yi goyon 'ya'yana duka ina kai abinci. Gawo kuwa itace ne mai halinsa daban. In damina ta zo kowane itace na ado, shi sai ya tuɓe ganyensa ya tsaya tsirara, ya bar wa gero rana. In kaka ta yi sauran suka fara bushewa, sai shi ya yi kore shar, ya ba mutum inuwa, ya zubo wa awaki 'ya'ya. Malam kan ce a duk itatuwa shi ne ya san kunya.

Ban san ranar da abubuwa suka juya ba, domin ba rana ɗaya suka juya ba. Na dai tuna leda ta farko da ta shigo gidana, da sukari a ciki. Wanke ta na yi na shanya, na ninke na sa ƙarƙashin matashi. Abin marmari ce. Daga baya ƙosai ya koma leda, koko ya koma leda, daddawar da muka sani a ganye ta koma leda, har ruwan sha ya shiga leda. Faifai da ƙoƙo suka koma ado a bango. Jakuna suka ragu, masu roƙon juji suka ragu, takin zamani ya zo a buhu, fari tas kamar gishiri, kowa ya ce ya huta. Tsintsiya ba ta daina ƙara da safe ba, amma sautinta ya canja, yanzu da wani kwaras-kwaras a ciki. Ni dai kaina bai canja ba. A kaina, duk abin da aka share aka tara, juji ne, juji kuwa abincin gona ne. Wannan shi ne kuskurena, kuma ban ga laifin kowa a cikinsa kamar nawa ba.

Malam ya rasu bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Cikin maganganunsa na ƙarshe, bayan ya yi mini wasiyya a kan yara, ya ce, "Kada ki bar gonar gawo da yunwa." Yaran duk sun watse neman abinci, sai autana, magidanci ne shi ma da iyalinsa, yana aikin kabu-kabu da babur tsakanin garinmu da Zango. Damina ta farko bayan rasuwar muka shuka haka nan ba taki, domin na buhu ya fi ƙarfinmu, dabbobin gida kuma jinya ta cinye su. Geron ya fito siriri kamar mai jin kunyar a gan shi. Na tsaya a gindin gawo na ji kamar Malam na kallona.

Gari ya riga ya matso kusa da gonar, gidaje sun kusa cim mata. A kan hanyar da ta bi ta gefenta nake ganin tifar hukuma na wucewa duk Asabar ɗin da aka ware don tsafta, cike da shara, baƙi ƙirin a sama. Ina kallonta ina haɗiyar yawu. Wata Asabar da hantsi na tsaya a bakin hanya na ɗaga hannu, direban ya taka birki.

"Sannu da aiki, ɗan nan. Ina za ka kai jujin nan?"

"Juji?" Ya yi dariya. "Iya, bola dai. Can bayan gari zan kai, wajen tsohon ramin ƙasa. Tafiya ce mai nisa."

"To ka taimaka mini da shi mana. Ga gonata can, mai gawon nan."

Ya leƙo ta taga ya dube ni da kyau. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya faɗa mini. Ya ce, "Iya, akwai leda a ciki fa, da tarkace."

"Ɗan nan, ina kwasar juji tun uwarka ba ta yi wayo ba. Leda ai tsince ta ake yi."

"Shi ke nan, Iya. Ke kika ce."

Ya karya kan mota ya shiga gonar, ya ja baya har gindin gawo, ya ɗaga bodi. Na yi ta sa masa albarka. Na ba shi ƙuli-ƙulin da ke ɗaure a gefen zanina, na ce in Allah ya kai mu kaka, daminsa na nan. Ya tafi yana dariya yana girgiza kai. Ni kuma na koma gida ina jin na cika alkawari.

Da muka zo bazawa ni da Auta, shebur na farko ya faɗa mini gaskiya. Baƙin da na gani a sama ɗan kaɗan ne, kwatar da aka yashe ce. Ƙarƙashinsa leda ce a kan leda, ta ruwa, ta burodi, ta omo, wasu sun shekara a kwata amma rubutun jikinsu na nan raɗau. Ga kunzugun jarirai na zamani a ƙudundune, ga batir da ya fashe yana zubar da farin gari, ga allurai da robobin ƙarin ruwa, ga fasassun kwalabe, ga gashin kanti a cukurkuɗe kamar mushen wani abu. Na tura hannu don in ji ɗumin nan da na sani, sai kwalba ta yanke ni. Ba gwazarma ko ɗaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai, babu wani abu a ciki da ban sani ba. Duk irinsu akwai a bayan gidana, daga hannun jikokina da hannuna.

Auta ya ce, "Inna, me kika jawo mana?"

Na ce mu tsince. Muka yi kwana uku muna tsinta, ba mu ci rabin rabi ba. A rana ta huɗu muka tarar da tsibi na biyu. Tayar tifa ta riga ta yi hanya, hanya kuwa ba ta tambayar mai gona. Wani direban ne, an ce masa akwai wata Iya da ke so. Bayansa masu tura kura suka biyo, da masu a-daidaita-sahu da buhunan sharar unguwanninsu, da masu gidan kaji da matattun kajinsu, da masu gareji da baƙin mai. Da rana tsaka suke zuwa, ba ɓoyo. In na tsaya na yi magana, sai a ce, "Iya, mu muka fara? Dubi fa." Kafin rani ya raba, tsibin ya kai kafaɗar mutum, ya kewaye gawon. Leda na tashi tana maƙalewa a ƙayoyinsa, baƙa da fara, tana kaɗawa. Wata rana a kan babur na ji wata mata na yi wa ɗan acaɓa kwatance, ta ce ya sauke ta a Bolar Iya. Gonar da aka yi shekaru ana ce wa gonar gawo.

Na je wurin mai unguwa, ya tura ni wurin dagaci. Dagaci ya jajanta mini, ya ba ni takarda zuwa ofishin masu kula da tsafta. Sau uku ina zuwa kafin in sami mai ofishin. Yaro ne sa'ar Auta, da alamar gajiya a idonsa, yana fifita da wani fayil. Ya saurare ni har na gama, ba zan ce bai saurare ni ba.

"Hajiya, wa ya fara zubawa?"

"Motarku, yallaɓai."

"Wa ya ce ta zuba?"

Na ce ni ce.

"Kin gani. In doka za mu bi, ke za mu fara kamawa, domin mai fili shi ke da alhakin abin da ke filinsa. Amma ke uwa ce, ba za mu yi haka ba."

"Ni taki na roƙa, yallaɓai. Juji na ce."

"Hajiya, juji ya ƙare tun zamanin kakata. Yanzu bola ake yi."

"To ku zo ku kwashe bolarku."

Ya ajiye fayil ɗin. "Mota ɗaya gare mu, yau tana tafiya gobe tana kan dutse. Ramin da muke kaiwa ya cika, unguwar da ke kusa da shi su ma jiya suna nan suna kuka. In na kwashe, in kai gonar wa? Ki faɗa mini, wallahi in kai."

Na tuna dogon duba-garin nan da ke neman tsutsa ɗaya a gindin randa, na dubi wannan da dutsen shara ya fi ƙarfinsa, na rasa wanda zan ji wa tausayi, shi ko ni. Ya ce za su ɗauki mataki. Bayan mako biyu matakin ya zo: allo ne na kwano, an rubuta da jan fenti cewa an hana zuba shara a nan, wanda aka kama zai gamu da hukunci. Da suka rasa inda za su kafa shi, sai suka buga shi da ƙusa huɗu a jikin gawon. Ba a kama kowa ba. Masu kura suka sami alama, in an tambaye su ina za a kai, su ce gindin allo.

Sai cikin bazara, ana zafin nan da ke sa tsuntsu ya buɗe baki, aka ce wani babba zai bi ta hanyar. Ana gobe zai zo na ga hukuma da gaske. Motoci biyu, ma'aikata da riguna masu ƙyalli, da jarkoki. Maƙwabciyata ce ta aiko mini, na fito ko mayafi ban daidaita ba. Na tarar suna yayyafa fetur.

"Ku tsaya! Don Allah ku janye ta daga gindin itacen tukuna!"

"Iya, matsa baya, kada ki ƙone."

"Gawon nan ya girmi ubanku! Ku ba ni yini ɗaya, ni zan janye da hannuna!"

"Umarni aka ba mu, Iya. Gobe da safe ake so wurin ya zama fes. Ba ke kika kai ƙara ba? Ga shi an zo."

Aka ƙyasta ashana. Ban taɓa ganin hayaƙi irin wannan ba, baƙi, mai nauyi, yana tafiya ƙasa-ƙasa kamar ba ya son sama. Kwalabe na fashewa, batir na harbi, leda na narkewa tana ɗiga daga rassan gawo da wuta a jikinta. Ganyensa, da yake lokacin yana cikin korensa, na ji shi yana ƙara kamar ana soya wani abu. Kwana biyar wurin na ci a ciki, unguwa duka na tari. Suka kawo motar tura ƙasa ta rufe gefen da ke kallon hanya da jan yashi. Babban ya wuce, an ce ya yaba. Masu zuba shara kuwa suka koma kududdufin da ke gaba kaɗan, inda yanzu aka kai wani allon.

Auta ya same ni ya ce masu yanka fuloti sun yi masa magana. "Inna, gonar nan ta mutu. Su ba ruwansu da ƙasa, siminti za su zuba. Tun suna so mu ba su."

Na ce ba ta mutu ba. Ya ce in dubi gawon. Na ce damina ce ke shigowa, kowane gawo tsirara yake yanzu, ba mai iya bambance mai rai da matacce sai kaka. Na ce ya ba ni zuwa kaka. In gawon ya yi ganye, ba mai sake yi mini maganar fuloti. In bai yi ba, na yarda. Ya ce ya ji.

Na ɗauki rariya da fartanya na koma gona. Ƙarƙashin tokar akwai wani ɓawo baƙi mai tauri, ledar da ta narke ta haɗe da yashi, sai an sare shi kamar dutse. Kullum da safe ina fasa shi ina tankaɗe ƙasa, ina fitar da ƙusa da kwalba da bakin allura. Kafin ruwan shuka na gyara wuri kamar faɗin tabarma huɗu a gindin gawon, daidai inda aka juye mangalar ƙarshe. Na shuka gero. Sannan na yi abin da ban faɗa wa kowa ba, don kada a ce tsufa ya taɓa ni. Na yagi takarda daga littafin jikata na rubuta wa Malam wasiƙa. Wannan karon ba hasken ido, ba sanyin zuciya. Na ce masa, Malam, ban bar ta da yunwa ba, amma na ba ta abin da ba ta iya ci. Ka yafe mini. In ka yafe, ka sa ta nuna mini. Na nemo tsagaggen ƙoƙo da ƙyar a kayan tsohuwar maƙwabciyata, na sa takardar, na toshe da ganye, na binne, na ɗora dutse don in gane wurin.

Damina ta yi kyau a shekarar, ba wanda ya yi kukan ruwa. Gonakin da ke nesa da hanya suka yi duhu. Nawa geron ya tsiro, ya kai tsawon hannu, ya tsaya, ya yi rawaya. Na tuge ɗaya na ga saiwarsa ta lanƙwashe ta koma sama, ta tarar da wani ɓawon a ƙasa wanda ban kai gare shi ba. Ruwa kan kwanta a wurin ya yi kwana biyu da wani maiƙo mai launi-launi a kansa. Ban damu da geron sosai ba, itacen nake kallo. Da aka fara yankan gero, gawon da ke gonar maƙwabta ya fara tofo. Auta ya ɗauke ni a babur zuwa wata gaisuwa a Zango, duk gawon da muka wuce a hanya ya yi kore, ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga su a raina ina cewa nawa ma yana tafe, mai jinkiri ne, ya sha wuya. Na ƙara mako biyu. Na ƙara wasu biyun. Auta bai matsa mini ba, Allah ya yi masa albarka.

Ranar da ɓawon itacen ya ɓanɓaro a hannuna, allon kwanon ya faɗo tare da shi, na ce wa Auta ya raka ni. Na ɗaga dutsen na tona da hannu. A zuciyata ina cewa ko da itacen ya tafi, in na tarar ƙasa ta ci takardar, to da sauran rai a wurin, zan roƙi yaron nan ya ƙara mini shekara. Yatsana ya taɓa ƙoƙon. Yana nan yadda na sa shi. Ganyen da na toshe da shi ya bushe kawai. Takardar ta jiƙe ta bushe ta yi tauri, amma ko gefenta gara ba ta lasa ba. Damina guda cur a cikin ƙasa, kowane baƙi na nan.

"Inna, mene ne wannan?"

"Wasiƙa ce. An dawo mini da ita."

Na kakkaɓe zanina na miƙe.

"Ka kira mutanen fulotin."

Yanzu an yi gidaje uku a wurin, na ji an ce har da shago. Ba na bi ta hanyar. Har yau ni ke share tsakar gidana da safe, sai dai kwando biyu nake ajiyewa. Ɗaya na toka da ƙaiƙayi da kashin kaji, ina juye shi a bayan ɗaki, ko da yake shekara biyu ke nan ba wanda ya yi sallama ya roƙa. Ɗayan na leda ne. Shi ban san inda zan kai shi ba. In na ba masu kura, na san gonar wata za su kai. Sai in ɗura a buhu in jingine, buhunan sun kai bakwai, jikokina na yi mini dariya.

Wasiƙar tana cikin akwatina tare da tsofaffin littattafan nan marasa shafin ƙarshe. Wani lokaci in fito da ita in duba. Malam bai iya boko ba, kuma wadda ke karanta masa ta daina.